Ayarin Da Ya Ke Tsaye A Birnin Faris

     

Yau maganarmu ta matafiya ce. Kakanninmu sun yi fatauci da jakuna da raƙuma, sun kai Gwanja garin neman goro, sun kai Bilma garin neman gishiri. A zamanin nan kuwa jirgin sama ya gajarta duniya. Mutum ya kan karya kumallo a gidansa, ya ci abincin dare a wata ƙasa mai nisa. Waɗansunku sun je ƙasashen Turai sarin kaya, waɗansu sun je gai da ɗa ko ƙane wanda ya ke karatu can, waɗansu kuma neman magani ya kai su. Amma sau da yawa matafiyi ya kan komo bai ga kome ba sai filin jirgi, da masauki, da kantin da ya yi sari. In aka tambaye shi labarin gari, sai ya ce akwai sanyi, abinci kuma da tsada. Shi ke nan.

To, ɗan'uwa, ina so in ba ka shawara. Ke ma 'yar'uwa, da ke ni ke. In Allah ya kai ka wani babban birni, ka ware rabin yini, ka tambayi inda gidan tarihin halittu ya ke. Watau gida ne inda a ke ajiye dabbobi da tsuntsaye da kifaye da itatuwa da duwatsu na dukan duniya, domin mutane su gani, masana kuma su yi bincike. Akwai irinsa a Landan, akwai a Barlin, akwai a Niyok ta ƙasar Amurka. Amma yau na birnin Faris, babban birnin Faransa, za mu zaga tare, gama a cikinsa akwai abubuwa da yawa waɗanda daga ƙasashenmu aka kai su.

Wurin ba shi da wuyar samu. Yana cikin wani babban lambu a bakin kogin da ya ratsa birnin, kusa da tashar jirgin ƙasa da a ke kira Austerlitz. In ka ce wa mai mota Jardin des Plantes, ya sani. Babban masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana tsallaken titi daga lambun. Shiga lambun kyauta ne, amma ɗakunan kallo sai da tikiti. Ran Talata a kan rufe ɗakunan. Wani lokaci kuma a kan rufe ɗaya domin gyara, saboda haka ka tambaya tun kafin ka tashi daga masauki.

Lambun nan tsoho ne ƙwarai. Wani sarkin Faransa, Luwi na 13, shi ya kafa shi a 1635 domin a shuka itatuwan magani, masu koyon aikin likita su san su. A 1793 aka mai da shi gidan tarihin halittu na ƙasa duka. Yau abin da ke ajiye cikinsa ya wuce guda miliyan 60, tun daga ƙwaro har giwa. Abin da a ke nuna wa baƙi kaɗan ne daga ciki, kamar yadda ɗan kasuwa ya kan baza kaɗan a gaban rumfa, sauran kuwa suna cikin sito.

Bari mu fara da babban zaure, wanda aka gina a 1889, aka sāke gyara shi aka buɗe a 1994. Da shigarka za ka tarar da ƙasusuwan wata dabbar teku a rataye, wadda Faransawa ke ce da ita balen. Kamanninta na kifi ne, amma iska ta ke shaƙa, nono kuma ta ke ba ɗanta kamar saniya. Babbar cikinsu ta kan kai mita 30, ta fi kowace dabba nauyi a duniya. Ka tsaya ƙarƙashin haƙarƙarinta ka dubi kanka. Mai girman kai ma ya kan yi shiru a wurin nan.

Sa'an nan ka hau bene. A nan za ka ga abin da ba za ka manta da shi ba. Ga ayari guda na namun dajin Afirka, sun jeru suna bin juna daga wannan gefe na zauren zuwa wancan. Giwa ce a gaba, kamar jagaban ayari. Bayanta ga dorina, ga raƙuman dawa, ga jakunan dawa, ga ɓauna, ga manyan namun daji da ƙanana. Kowa ya ɗaga ƙafa kamar yana tafiya, amma ba mai motsi. Fitilun zauren su kan sāke launi, wani lokaci kamar hantsi, wani lokaci kamar almuru, har a kan sa ƙarar hadari da tsawa. 'Yan makaranta su kan tsaya baki buɗe.

Watakila ka ce, yaya aka yi naman da ya mutu tun tuni bai ruɓe ba? Majema da dukawa za su gane wannan da sauri. A kan feɗe dabbar a hankali, a jeme fatar, a auna jikin gaɓa gaɓa. Sa'an nan a sassaƙa gangar jiki daidai da awon, a ɗora fatar a kai, a ɗinke, a sa idanun ƙarau. Mutanen dā ciyawa da itace su ke cusawa ciki, shi ya sa tsofaffin su kan yi kumburi kamar buhu. Akwai wata karkanda a zauren nan wadda aka kawo wa sarkin Faransa daga ƙasar Indiya a 1770, ta mutu a 1793. In ka dube ta, ka dubi na zamanin nan, za ka ga yadda sana'ar ta ci gaba.

Ga wani abin da ni ke so ka yi. Kowane abu yana da 'yar takarda a gabansa. Kada ka wuce ta. Ko ba ka jin Faransanci, ka nemi sunan ƙasa da shekara, ko ka roƙi ɗan rakiyarka ya karanta maka. Za ka riƙa cin karo da sunayen ƙasashen da ka sani. Yawancin kayan nan a zamanin mulkin Turawa aka kwashe su. A kan rubuta sunan Baturen da ya kai, amma maharbin da ya bi sawu, da ɗan jagoran da ya nuna hanya, da masu dakon da suka ɗauka, ba safai a kan rubuta nasu ba. Kai da ka san daji, ka tuna da su.

Haka ya ke ga itatuwa. A gidan nan akwai busassun ganyaye da furanni wajen miliyan 8, kowane an manna shi a takarda, an rubuta inda aka tsinko shi. Wani Bafaranshe mai suna Adanson ya sauka ƙasar Sanagal a 1749, ya yi shekaru yana tattara tsire-tsire. Shi ya fara rubuta wa masanan Turai cikakken bayanin kuka, har suka sa mata sunansa, suna ce da ita Adansonia. Ɗorawa kuma suka ce da ita Parkia, domin tunawa da Mungo Park. Ganyayen da Adanson ya tara suna nan ajiye har yau. Ke mai sayar da kuka da daddawa, kin ji. Abin da ki ke aunawa da ludayi kowace safiya, masanan duniya sun ba shi ɗaki da suna.

Yanzu bari in ba ku labarin wata baƙuwa da ta zo lambun nan daga ƙasar Sudan. Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya so ya yi wa sarkin Faransa kyauta. Sai aka kamo 'yar raƙumar dawa a Sudan, aka bi da ita ta kogin Nilu har Iskandariya. Aka sa ta cikin jirgin ruwa, aka huda rufin jirgin domin ta fid da wuyanta. Aka haɗa ta da shanu uku masu ba ta madara. Ta sauka Marseille a watan Oktoba na 1826, ta yi zaman hunturu a can. Da sanyi ya wuce, a 1827, aka ɗinka mata rigar ruwa, aka kama hanya da ita a ƙasa. Kwana 41 tana tafiya, wajen kilomita 880, kusan nisan Yamai zuwa Damagaram. Kowane gari ta shiga sai jama'a su fito, gama ba su taɓa ganin irinta ba. A Faris dubban mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallonta. Mata suka yi kitso mai tsawo domin ta, masu tukwane da masu yadi suka zana hotonta a kayansu, suka yi ciniki ƙwarai. Wani mutumin Sudan mai suna Atir, wanda ya rako ta, ya zauna yana kiwonta. Ta mutu a 1845. Fatarta tana tsaye yau a gidan tarihin wani gari da a ke kira La Rochelle.

Ku lura da wannan. Dabbar da mutanen Faransa suka bar aikinsu domin su gani sau ɗaya, a wancan zamani tana yawo cikin dazuzzukanmu tun daga Sanagal har tabkin Cadi. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Daga babban zaure ka ratsa lambu zuwa ɗakin ƙasusuwa, wanda aka buɗe a 1898. A ƙasa za ka ga ƙasusuwan dabbobin zamaninmu, ɗaruruwa, duka sun fuskanci ƙofa. Mahauta za su ji daɗin wurin nan. Ka dubi wuyan raƙumin dawa ka ƙirga gaɓoɓinsa. Bakwai ne. Na akuya bakwai, na ɓera bakwai, naka ma bakwai. Ka dubi fiffiken jemage, za ka ga yatsu ne dogaye da fata a tsakaninsu. Aikin Mahalicci yana da tsari, mai ido kuwa ya kan gani.

A cikin ƙasusuwan nan akwai na wata giwa da sarkin Fotugal ya aika wa sarkin Faransa a 1668. A 2013 wani saurayi ya haura cikin ɗakin da dare da zarto mai inji, ya yanke mata haure ɗaya, ya gudu. Maƙwabta sun ji ƙara, 'yan sanda suka kama shi a titi da hauren. Ku duba fa. Giwar da ta mutu shekara fiye da 300, kwaɗayin haure bai bar ta ta huta ba.

In ka hau bene na ɗakin nan, sai ka shiga wata duniya. Nan a ke ajiye ƙasusuwan da suka zama dutse. Ga yadda abin ya kan faru. Dabba ta mutu a bakin kogi, laka ta rufe ta kafin kuraye su watsa ta. Laka ta hau kan laka, shekaru suka yi ta wucewa. Ruwan da ke tsatsafowa cikin ƙasa ya riƙa shigar da ma'adinai cikin ƙashin, har ya taurare ya yi nauyi kamar dutse. Bayan zamani mai tsawo iska ko ruwa ya kware ƙasar, ƙashin ya fito fili.

A tsakiyar ɗakin akwai wata dabba mai dogon wuya da doguwar wutsiya, tsawonta wajen mita 25, irin waɗanda a ke kira dinoso. Wannan kwafi ne, an zuba shi cikin zubi kamar yadda maƙeran farfaru su ke yi. Wani attajirin Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da shi kyauta a 1908, ƙasusuwan ainihi kuwa suna Amurka. Takardar da ke gaban kowane ƙashi ta kan faɗa ko na ainihi ne ko kwafi.

Amma kai mutumin Nijar, ga abin da za ka nema. Akwai wani kada a ɗakin nan wanda aka haƙo a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Masu neman ma'adinin yuraniyom su suka ci karo da ƙasusuwan wurin, masanan gidan nan suka bi sawu, a 1966 suka sa wa kadan nan suna Sarcosuchus. Kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. Tsawon jikinsa ya kai mita 9 ko fi. Masana sun ƙiyasta ya yi zamani shekara wajen miliyan 110 da suka wuce. Kada kuwa ba ya zama sai inda ruwa ya ke. Ashe inda raƙumi ya ke kwana da kwanaki yau bai ga rijiya ba, dā manyan koguna ne da kifaye. Ƙasa ma tana sāke kama.

A gidan nan ne aka fara tabbatar da wani abu mai nauyi. Mutanen dā, in sun haƙo ƙashin dabbar da ba su sani ba, su kan ce lalle irinta tana nan da rai a wani dajin da ba a kai ba tukuna. A 1796 wani masani na gidan nan, Georges Cuvier, ya ɗauki muƙamuƙin giwar Afirka, da na giwar Indiya, da na wata giwa mai gashi da a ke haƙowa a ƙasashen ƙanƙara, wadda a ke kira mamut. Ya gwada haƙoransu ɗaya da ɗaya. Ya nuna iri uku ne dabam dabam, na ukun kuwa ba sauransa ko'ina a duniya. Watau iri guda na halitta ya kan ƙare ƙaƙaf, kamar yadda zuriyar gida ta kan ƙare.

Wannan ya kawo mu ɗakin da ya sa na ɗauko maganar nan duka. Ka koma babban zaure, ka hau sama, ka nemi ɗakin dabbobin da suka ƙare da waɗanda su ke bakin ƙarewa. Ɗaki ne dogo, da akwatunan katako da gilashi. An rage haskensa domin kada fatun su koɗe, gama in waɗannan sun lalace ba inda za a samo waɗansu. Mutane su kan rage murya in sun shiga, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Kadan Gadufawa ya ƙare tun ba mutum a duniya, ba laifin kowa. Na ɗakin nan kuwa, yawancinsu hannun ɗan Adam ne ya gama da su, cikin 'yan shekarun nan ɗari uku ko huɗu. Ga wani ɗan'uwan gwanki mai shuɗin gashi, daga Afirka ta Kudu. Maharba suka ƙare shi wajen 1800. Ga wani jakin dawa da a ke kira kwaga, mai zane a kai da wuya kaɗai, bayansa kuwa ba zane. Dā garkunansa sun cika filayen Afirka ta Kudu. Aka yi ta harbinsa domin nama, da fatar yin buhu, da kuma domin a bar wa tumaki ciyawa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan dabbobi na birnin Amsterdam a 1883. Masu kiwonta ba su ma san ita ce ta ƙarshe ba.

Ku 'yan kasuwa, ku ji labarin wata kurciya ta ƙasar Amurka, gama ya shafe ku. Yawanta ya kai dubban miliyoyi. In garkenta ya taso ya kan rufe rana, ya yi sa'o'i yana wucewa. Ba wanda ya taɓa zaton za ta ƙare. Sai jirgin ƙasa ya zo, wayar tangaraho ta zo. In tsuntsayen sun sauka wani daji yin sheƙa, sai a buga waya, maharba su taru, a kashe iyaye, a kakkaɓo 'ya'ya, a cika ganguna a aika kasuwannin birni. Nama ya yi araha, kowa ya sami riba. Cikin shekara kamar 40 aka neme ta aka rasa. Ta ƙarshe ta mutu cikin keji a 1914. Maharbi bai ce shi ya ƙare ta ba, gama kaɗan ya kashe. Dillali ma haka, mai saye ma haka. Amma ta ƙare, cinikin kuma ya mutu tare da ita.

Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin jari da riba. Riba a ke ci, a bar jari ya yi ta juyawa. Wanda ya sa hannu cikin uwar kuɗi, ko ya yi ƙiba bana, baɗi zai rufe rumfa. Manomi kuma kome yunwar bazara ba ya dafa iri. Namun daji da itatuwa haka su ke. Abin da suka haifa a shekara shi ne riba, iyayen su ne jari. Ɗakin nan mai duhu cike ya ke da jarin da aka cinye.

Kada ka ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Garwa da Marwa, tsofaffinku sun san karkanda a dazuzzukan arewacin Kamaru. Aka yi ta kashe ta domin ƙahonta, a kai waɗansu ƙasashe a yi ƙotar wuƙa ko a daka a ce magani ne, alhali kuwa ƙahon nan da farcen hannunka abu ɗaya ne. A 2006 masu bincike suka zaga dajin, ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 aka sanar wa duniya irin karkandar nan ta yammacin Afirka ta ƙare. Ku mahauta, ku tuna yadda ungulu ta ke cika mayanka dā. Yau a garuruwa da yawa sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba. Guba ta kashe waɗansu, waɗansu kuma an kai kawunansu kasuwa wurin masu magani. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da su ke gab da ƙarewa. Ita ce kuwa mai share mana mushe ba lada. Ga kuma ɗan kunya, dabban nan mai ɓawo a jiki wanda ya kan dunƙule in ya ji tsoro. A kan cika buhuna da ɓawonsa a kai bakin teku.

Amma ban zo domin in karya muku zuciya ba. Ku tuna da raƙumin dawa da na ce ku riƙe. Irin namu na yammacin Afirka ya ragu, har a 1996 da aka ƙirga, 49 kaɗai suka saura a duniya duka, a wajen Kure, gabas da Yamai. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su, manoman wurin suka haƙura da ɓarnar da su ke yi wa wake, aka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da rance. Bayan shekara 20 da 'yan kai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji domin su kafa sabon garke. Ga kuma mariri, farin naman dajin nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi. A shekara ta 2000 aka ce ba sauransa a daji ko'ina. Amma akwai waɗanda a ke kiwo a gidajen dabbobi. A 2016 aka fara kawo su daga Abu Dabi, aka sake su a ƙasar Cadi. Suka hayayyafa, har a 2023 aka fid da mariri daga cikin waɗanda suka ƙare a daji. Me ya raba mariri da kwaga? Mariri an bar masa iri, kwaga ba a bar masa ba.

To, me ya rage gare ka, kai mai rumfa? Maharbi ba ya shan wahalar daji sai ya san akwai mai saye. In an kawo maka haure, ko ƙahon karkanda, ko ɓawon ɗan kunya, ko fatar damisa, ko kan ungulu, ka ce ba ka saye, ba ka kuwa yin dillancinsa. In wani ya ba ka ƙunshi a filin jirgi ya ce ka kai wa wane, ka buɗe ka gani tukuna. Ƙasashen duniya sun hana cinikin haure tsakaninsu tun 1989, na ɗan kunya kuma tun 2017. Wanda aka kama da su, kaya sun tafi, fasfo ya ɓaci, watakila kuma ya kwana kurkuku a ƙasar da ba shi da kowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kuma ka ga ƙashin da ya zama dutse a daji, kada ka farfasa shi ka sayar wa baƙi. Ka bar shi inda ya ke, ka gaya wa hukuma, gama masana su kan karanta ƙasar da ke kewaye da ƙashi kamar yadda su ke karanta ƙashin kansa.

Wanda kuma bai sami ikon zuwa Faris ba, kada ya ce an bar shi baya. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A can za ka ga ƙasusuwan dinoso da aka haƙo cikin ƙasar Nijar. Za ka ga kuma gangar itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayarin gishiri hanya, har wata mota ta buge shi a 1973. In ka je, ka tafi da 'ya'yanka. Ka nuna musu, ka gaya musu sunan kowane abu da Hausa, ka ba su labarin namun dajin da ka gani da idonka sa'ad da ka ke yaro. Gani ya kori ji.

Matafiyi ya kan komo gida da tsaraba, turmin zane ga uwargida, takalma ga yara, agogo ga aboki. Ka ƙara da wannan labari cikin tsarabarka. In maƙwabtanka na kasuwa sun taru yi maka barka da zuwa, ka gaya musu ka ga giwa tana jan ayari a tsakiyar birnin Faris, ka ga kadan Gadufawa, ka kuma shiga ɗakin waɗanda suka ƙare. Ka gaya musu har yanzu akwai akwatunan gilashi da a ke iya ƙarawa cikin ɗakin nan, mu kuwa ba mu so a cika su da namun dajin ƙasarmu.

Jama'a, nan za mu dakata yau. Allah shi kiyaye matafiya, shi kai kowa gidansa lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.